Yadda Na Binne Rijiyar Kawuna Ina Zaune a Ofis

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk faɗin Sakkwato babu wanda ya kai ni iya kwamfuta, na yi aiki a wani ƙaramin ofishin safiyo, masu awon filaye, a Gidan Igwai. Ɗaki biyu ne a saman shaguna. Ƙasanmu mai walda ne, gefensa mai suyar ƙosai, saboda haka kullum takardunmu ƙaurin ƙarfe da mai suke yi. Akwai oga mai ofishin, akwai abokina wanda shi ya samo mini aikin, sai ni. Su suke fita daji da na'urar awo su kawo lambobi, ni kuma in zuba lambobin a manhajar taswira in mayar da su layuka: nan fuloti, nan hanya, nan magudanar ruwa. Ina son aikin, kuma ina da rawar kai. Idan baƙo ya shigo ofis har ƙara saurin danna linzamin kwamfuta nake yi don ya gani.

Duk wanda ya taɓa aiki da irin wannan manhaja ya san ɗan akwatin nan da ke fitowa a tsakiyar allo idan za ka ɗauko fayil. A samansa akwai wani siririn layi da ke nuna maka a cikin wace folda kake, a ƙasa kuma sunayen fayil ne a jere. Akwatin yana da hali guda da ya kamata ku riƙe: ba ya komawa inda ya saba. Duk inda wanda ya yi amfani da shi na ƙarshe ya bar shi, nan za ka same shi. Layin saman kuma gajere ne, ba ya nuna hanyar duka, sunan foldar ƙarshe kawai yake nunawa, sai ka danna shi kafin ka ga daga ina aka biyo.

Abokina ya sha gaya mini, "Kai, ka riƙa karanta layin sama kafin ka danna."

Ni kuma in ce, "Hannuna ya haddace hanya, kai dai ka ji da tsufanka."

Shekara huɗu kacal ya ba ni.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu har ya kai ta ɗaki. Gonarsa tana can bayan Kalambaina. Wanda ya san wajen ya san ƙasar dutse ce, ka yi haƙa taƙi biyu diga ta fara tartsatsi. A bakin gonar nan akwai rijiya. Shi da mahaifinsa suka haƙa ta, rani uku suna fasa dutse da guduma suna fitar da shi a kwando kafin su ga ruwa. Da ita kawu yake garka, wato noman rani, idan damina ta wuce, albasa da tattasai da alayyafo. Matan ƙauyen ma nan suke ɗiba idan tasu ta ƙafe. A kanta akwai wani babban dogonyaro da ya rufe ta da inuwa, an kuma gitta wani gungume a bakinta wanda igiyar guga ta ci shi ta yi masa zanen tsagi-tsagi.

Sai ga wani kamfani ya sayi gonakin da ke kewaye da ta kawu zai yanka fulotai. Kawu bai sayar ba. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne a ci gefen gonarsa a fitar da hanya, don a cewarsa hanya ta kowa ce. Allah cikin ikonsa, ofishinmu aka ba aikin taswirar. Zanen farko abokina ne ya yi shi daga hoton tauraron ɗan'adam, ya ja hanyar miƙaƙƙiya ɗoɗar. A hoton sama ba a ganin rijiyar, kan bishiya kawai ake gani, shi kuwa bai san akwai wani abu a ƙarƙashi ba. Da aka miƙo mini zanen in gyara, ina dubawa na gane wurin. Hanyar ta bi ta kan dogonyaron nan daidai tsakiya.

Da yamma na je Unguwar Rogo na gaya wa mahaifiyata. Tana tsince shinkafa, ta ajiye faifan ta dube ni.

"Kai wanga, rijiyag ga da ita anka yi muna komi. Da albasatta anka kai ni ɗaki, da ita anka saya maka littafan makaranta sadda babanka ba shi da shi. In kana iyawa ka tsare ta, ka tsare ta. In ba ka iyawa, ka hwaɗi tun yanzu a nemi wani."

Na yi dariya. Na ce, "Inna, wane wani? Ni nake zana hanyar da hannuna. Inda na ce ta bi, nan za ta bi."

Wallahi har yau idan na tuna wannan magana sai in ji kamar in tsinka wa kaina mari.

Kuma fa na yi aikin, kada ku ce ban yi ba. Na ɗauki na'urar awo na hau keke mai ƙafa uku har Kalambaina, na ƙarasa da ƙafa, na auna bakin rijiyar da gindin bishiyar. Na dawo na lanƙwasa hanyar ta kauce musu da taku kamar ashirin, ta bi ta wani fako da ko akuya ba ta kiwo a kai. Oga ya yi ƙunƙuni, ya ce ni dai kullum sai na jawo masa dangi cikin aiki, amma ya yarda. Wakilin kamfanin ma da aka nuna masa ya ce shi babu ruwansa tunda ba a taɓa fuloti ko ɗaya ba. Na adana gyaran a kan fayil ɗin, da sunansa na da, a cikin foldar aikin. Na buga ƙaramin kwafi na kai wa kawu har gona, na shimfiɗa masa a kan gungumen rijiyar ina nuna masa da yatsa.

Kawu ba ya karatun boko, amma ya gane lanƙwasa da ya gan ta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wato hanya ta ka gaishe da rijiya ta wuce?"

Na ce, "Ita ce, Kawu."

Ya ce, "To, malam safiyo, karatu ya yi rana. Allah shi yi maka albarka." Ya cika mini buhu da albasa, na dawo gari ina jin kaina kamar gwamna.

Ranar wata Alhamis na tashi daga ofis da wuri. Ba wani uzuri ba ne, zance zan je wurin wadda nake nema a lokacin, wadda ma daga baya ba ni ta aura ba. Bayan fitata abokina ya zauna a kan kwamfutata, don ita ce aka haɗa da babbar na'urar buga taswira. Ashe tun farkon aikin ya kwafi foldar gaba ɗaya ya ajiye a wani lungu na kwamfutar, saboda tsoron kada wani abu ya lalace. Hali ne mai kyau, ban ce ba. Ranar yana neman wata tsohuwar lamba, sai ya buɗe akwatin ya bi har cikin wancan tsohon kwafin, ya duba abinsa, ya rufe manhajar, ya tafi gida.

Washegari Juma'a oga ya shigo yana huci. Ya ce lallai a buga taswirar ƙarshe a kai ofishin da ke amincewa da ita kafin a tashi masallaci, in ba haka ba sai wani makon, kuma kamfanin ya ishe shi da waya. Na zauna, na buɗe sabon shafin bugawa, na danna wurin ɗauko fayil. Akwatin ya fito. A layin sama na hangi sunan foldar aikinmu, a ƙasa ga sunan fayil ɗin hanya yana kallona. Suna ɗaya, harafi ɗaya. Da na danna layin saman sau ɗaya tak, da na ga ba inda na saba shiga ba ne. Da na juya jerin ya nuna ranar da aka taɓa kowane fayil, da na ga wannan ya kwana biyu. Ban yi ko ɗaya ba. Na danna sau biyu, taswira ta bayyana, na tura ta na'ura.

Za ku ce ai da ta fito a takarda sai in gani. Hanyar doguwa ce, a kan babbar takarda lanƙwasar nan ba ta fi ɓawon farce ba, sai wanda ya neme ta zai gan ta. A duk ofishin ni kaɗai ne nake da dalilin nemanta, ni kuma ina tsaye gaban na'urar ina amsa saƙon yarinyar jiya a waya. Daga wannan fayil ɗin na fitar da jerin lambobin da masu aikin hanya za su bi. Oga ya sa hannu, ya buga hatimi, na nannaɗe takardun na ɗaure da roba. Har na samu sahun gaba a masallaci ranar, ina ta godiya ga Allah da ya sa aiki ya tafi lafiya.

Wata biyar shiru. Aka amince da taswira, aka raba fulotai ga masu saye, damina ta zo ta wuce, kawu ya dasa albasarsa. Wata ranar Talata da hantsi mahaifiyata ta kira ni a waya. Ba ta ko amsa gaisuwata ba.

"Kawunka ya aiko. Ya ce an kakkahwa mishi itace masu jan fenti cikin garka. Ka tahi ka gani."

Na ce mata kuskuren masu aiki ne, yanzu zan je in gyara musu zama. Har a cikin keke ina shirya faɗan da zan yi. Da na isa na ga turakun nan masu jan kai sun jeru layi biyu, miƙe ɗoɗar, sun ratsa komayen albasa, sun saka rijiyar da bishiyar a tsakiya. Na tarar da shugaban masu aikin a gindin motarsa, na fara yi masa hayaniya. Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya buɗe takarda a kan bonet ya ce in duba. Na duba. Hatimin ofishinmu ne, sa hannun oga ne, a ƙasa inda aka rubuta wanda ya zana kuma sunana ne. Hanyar ba ta lanƙwasa ko'ina ba.

Na koma ofis ban san yadda na hau matakalar ba. Na buɗe manhajar, na buɗe akwatin, karo na farko a rayuwata na danna layin saman na karanta shi har ƙarshe. Na bi na binciko folda biyu masu suna ɗaya. Na buɗe ta farko, hanya ta kauce wa rijiya. Na buɗe ta biyu, hanya ta bi ta kanta. Na zauna ina kallonsu gefe da gefe.

Abokina na fara tunkara. Na ce masa shi ya ja mini. Bai musa ba.

"Ni nib buɗe tsohuwar, gaskiya na. Amma ni nic ce ka runtse ido ka danna? Sau nawa ina hwaɗa maka?"

Na so in shaƙe shi, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa.

Muka shiga wurin oga tare. Na yi masa bayani, na roƙe shi mu rubuta takarda mu ce mun miƙa zanen da ba shi ba, a karɓi gyararren. Ya cire tabarau ya ajiye a hankali. Ya ce in an sake buɗe taswirar nan sai an koma farko, ga fulotai an riga an raba, ga motocin aiki an kawo. Ya ce ranar da aka ji ofishinsa ya sa hatimi a kan takardar da ba ita ba, ranar ya gama samun aiki a garin nan. Sannan ya ce, "Rijiya ce fa. Rami ne da ruwa a ciki. A kan rami kake so in rufe ofis?"

Na ce masa ba rami ba ne. Ya ce to in ɗauki takardar in je in faɗa da bakina, amma in fara ajiye masa makullin ofis a kan tebur. Na tsaya ina kallon makullin a hannuna. Ina so in ce muku na ajiye shi na fita. Ban ajiye ba, aljihu na mayar da shi.

Na dai buga gyararren zanen na koma wurin shugaban masu aikin, ina lallashi. Ya juya takardar gaba da baya ya ce, "Ina hatimi?" Na ce babu. Ya miƙo mini ita ya ce shi ba ya aiki da takardar da ba ta da uba.

A hanyar dawowa ne abokina ya ba ni shawarar da na fi tsana a cikin duk labarin nan, kuma na karɓa hannu biyu. Ya ce, "Ka ce musu daga sama anka canza. Wa zai tahi shi tambaya? Kowa ya san halin manya." Ya faɗe ta a sauƙaƙe yana ɓare gyaɗa.

Haka na je na tsuguna gaban kawu a gindin dogonyaro. Na ce masa ni na kai zanen da na nuna masa, amma da ya je sama wani ya canza shi, kuma na yi iya yina sun fi ƙarfina. Ina magana ina kallon ƙasa, shi kuwa ya ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni ɗaga kai. Ya dafa kafaɗata.

"Bari damuwa, ɗan ƙanwata. Ni na ga takardakka da idona, na ga inda hanya tal lanƙwasa. Kai ka yi naka. Wanda yac canza ta, shi da Allah."

Ranar da katafila ta zo ina wurin. Kawu ya roƙi direban ya ba shi ɗan lokaci. Ya zura guga ya ja ruwa, ya bi sauran komayen albasar da ke wajen turaku ya shayar da su ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya yi alwala, ya cika tulunan matan da suka taru. Sannan ya kira mutum biyu suka ɗage gungumen nan daga bakin rijiyar suka kai shi gefe. Aka tuge bishiyar. Abin da aka yi rani uku ana haƙawa, kafin azahar an cike shi da ƙasa da dutse an bi ta kai an daddanne.

Kawu ya tsaya da guga a hannu. Bai yi kuka ba, bai zagi direba ba. Ya ɗaga kai ya ce, "Wanda yac canza takardag ga, Allah ya isa tsakanina da shi."

Mutanen da ke wurin suka ce amin. Ina tsaye a gefensa, kafaɗata tana gogar tasa. Ya juyo ya dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda aka zalunta tare. Na buɗe baki na ce amin.

Ya gwada haƙa wata a can ƙasan gonar. Shekaru sun ja, ƙarfi ya tafi, kuma dutsen wajen ya fi na farko tauri. Ya haƙa zurfin gaba guda da rabi ya bari. Daga nan garka ta mutu, sai geron damina kawai. Mutumin da ban taɓa ganinsa zaune da rana ba, ya koma zaman ƙofar gida rani guda cur, a kan gungumen nan yake zama yana kallon tifofi suna wucewa ta inda rijiyarsa take. Duk sallar da na je gaishe shi sai ya gabatar da ni ga wanda ke wurin, ya ce wannan ne ɗan da ya tsaya masa lokacin da kowa ya gudu. Daga nan sai ya sako zancen takarda, ya ƙare da Allah ya isa. Ban ƙirga sau nawa na amsa masa ba. Na riƙa kai masa shadda da goro da turare fiye da yadda nake kai wa kowa, shi kuma yana ƙara sa mini albarka, ni kuma abin yana ƙara ci na.

Ofishin na bar shi bayan shekara guda, da ƙafata, lokacin da barin ba zai amfani kowa ba. Abokina kuwa ba mu yi faɗa ba. Muna gaisawa a wurin ɗaurin aure da jana'iza, amma ban ƙara cin abinci kwano ɗaya da shi ba. Na daɗe ina ɗora masa laifin, shi da oga. Oga dai har gobe ban ga abin da zai sa in yi masa uzuri ba, mutumin da ya kira hanyar abincin wani da sunan rami. Amma shawara ce abokina ya ba ni, ba wuƙa ya sa mini a wuya ba.

Da ciwon ajali ya kama kawu, gidan mahaifiyata aka kawo shi a Unguwar Rogo don ya fi kusa da asibiti. Wata rana bayan la'asar na shiga na same shi shi kaɗai a kan tabarma, ya rame har zoben azurfarsa yana zamewa daga yatsa. Tun daga bakin titi nake shirya maganar. Na ce yau zan faɗa, ko me zai faru ya faru. Na zauna na riƙe hannunsa, na ce, "Kawu, ina son ka yafe mini."

Ya yi ɗan murmushi. "Kai? Mi kay yi mani? Na yahe maka duniya da lahira, wanda nis sani da wanda ban sani ba."

Ya tsaya mayar da numfashi. Nan ne wurin da ya kamata in ce, Kawu, tsaya ka ji. Kafin in haɗa kalmomin ya ci gaba.

"Kowa na yahe mishi. Mai katahila ma aiki anka sa shi. Mutum guda na ban yahe ba, wanda yac canza takardag ga. Shi kam sai mun tsaya gaban Allah."

Hannuna yana cikin nasa lokacin da ya faɗi haka. Na ce a raina ai tsoho ne marar lafiya, kada in ɗaga masa hankali, bari ya ɗan samu sauƙi. Ƙarya nake yi wa kaina, tsoro ne kawai. Ban iya jure ganin yadda fuskarsa za ta canza ba. Na gyara masa matashi, na ce Allah ya ba shi lafiya, na fita. Kwana huɗu bayan nan ya rasu.

Bayan an share makoki na samu mahaifiyata a ɗaki na gaya mata komai, tun daga akwatin har zuwa makullin ofis. Ban san ko ta gane zancen folda ba, amma ta gane sauran. Ta ci gaba da jan carbinta. Da ta yi magana ba ta ɗaga murya ba.

"Na hwaɗa maka tun ranar, in ba ka iyawa ka ce a nemi wani. Kuskure kowa na yin shi, da ka zo ka ce ka yi kuskure da ya yi hushin kwana biyu ya huce, na san ɗan'uwana. Amma kab bar shi shekara da shekaru shina kai ƙarar mutumin da babu shi. Yanzu ni kaka gaya wa? Ba ni ad da rijiya ba. Mai rijiya ya tahi."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba har yau, ni ma haka.

Na kai tambayar wurin wani malami da nake ganin girmansa, ban ce ni ne ba, na ce wani ne. Na ce mutum ne aka yafe masa da sunansa, aka kuma ƙi yafe masa da aikinsa, a zama ɗaya, daga baki ɗaya. Wanne zai riƙe? Malam ya ce mai wannan tambayar ya yawaita istigfari, ya yi wa mamacin sadaka mai gudana, sauran kuma ya bar wa Allah. Na samu hali daga baya na sa an haƙa wa ƙauyen wata rijiyar da sunan kawu, can nesa da hanya. Mutane suna sha, suna sa mini albarka, suna cewa ɗan halak bai manta kawunsa ba. Duk ranar da na ji haka sai in rasa inda zan sa fuskata.

Yanzu ni nake koya wa sababbin ma'aikata wannan manhaja a inda nake aiki. Duk wanda ya buɗe akwatin ɗauko fayil a gabana sai ya danna layin sama ya karanta mini shi da baki tun daga farko har ƙarshe, sai ya juya jerin ya gaya mini ranar da aka taɓa fayil ɗin, kuma ba na yarda a ajiye folda biyu da suna ɗaya ko da a mafarki. Na san suna yi mini dariya a bayan ido, suna cewa tsohon nan ya cika ƙa'ida. Ba na jin haushi, ni ma na yi wa wani. Abin da ba na iya koya musu shi ne kauce wa laifi na biyun. Danna linzami sau biyu ne ya binne rijiyar, wannan ko yaro zai iya kiyayewa in an nuna masa. Abin da na yi bayan nan babu layin da za a karanta a kauce masa, da idona biyu na yi shi, ina sane, shekara bayan shekara.

Gyararren fayil ɗin yana nan a wani tsohon filashin kwamfuta a cikin durowata, na kasa goge shi. Wani lokaci nakan buɗe shi in ga hanyar ta zo ta kauce ta wuce, rijiyar tana nan a gefe da ɗan ɗigonta shuɗi. Ita kuwa hanyar gaske yanzu an zuba mata kwalta, gidaje sun cika gefenta, yaran unguwar ba su san an taɓa jan ruwa a wurin ba. Ni na sani, don ni na auna wurin, lambobinsa suna kaina. Idan aiki ya bi da ni ta can, ina zuwa daidai wajen nakan karkatar da mota in bi ta gefen titi, masu keke suna yi mini ham suna zagina. Ba na iya taka ta.